Sai Ruwa Ya Nuna

Ranar wata Asabar cikin hunturun bara ɗan ƙanwata ya matsa mini lamba in zo gidansa a Kano in ga akwatin kifin da ya haɗa. Na tarar da shi a kusurwar falo: gilashi mai cin lita 150, ruwa garau sai ka taɓa za ka yarda akwai shi, fararen duwatsu masu ramuka an ɗora wani kan wani, farin yashi a ƙasa, shuɗiyar fitila daga sama, ƙananan famfuna biyu suna ta kaɗa ruwan. Na duƙa na leƙa ta gaba, na zaga na leƙa ta gefe. Ko motsin wutsiya ban gani ba.

"To ina masu gidan?" na tambaye shi.

"Ai ba su iso ba tukuna, Kawu. Yau kwana 19 da zuba ruwan. Jira nake ya nuna."

Ya miƙo mini ɗan littafin rubutu irin na 'yan makaranta. Kowane layi kwanan wata ne, a gabansa lambobi uku. Kullum bayan isha'i yakan ɗebi ruwan a 'yar kwalba, ya ɗiga magani, ya girgiza, ya gwada launin da na kati, ya rubuta. Na daɗe ina juya shafukan nan. Shekara 20 da suka wuce ni ma na tsaya gaban irin wannan gilashi, kuma kwana ɗaya tak na ba shi kafin in zuba masa rayuka biyar.

A 2004 ne, ina aiki a Jidda, iyalina na tare da ni. Fim ɗin Finding Nemo ya fito shekara guda kafin nan, duk gidan da ke da yara an san ɗan kifin nan ruwan goro mai ratsin fari. 'Yata ta fari tana da shekara shida, kullum maganarsa take. Ni ma zuciyata ta riga ta tafi, tun ranar da wani abokin aiki ya kai ni bakin Bahar Maliya ta wajen Abhur, arewa da birnin, ya ba ni tabaran ninkaya ya ce in kifa fuskata cikin ruwa. Murjanin da na sani a wuyan iyayenmu mata, ashe sunan halitta ce mai rai, ga ta nan gari guda, kifaye na shige da fice a lungunanta kamar an watsa atamfofi.

Mu mutanen tudu ne, kuma tarwada ce ta koya mana mene ne kifi. Wanda ya taso yana ganin tarwada ta wuni a baho cikin ruwan da bai rufe bayanta ba, a kai ta kasuwa da rana tsaka, a dawo da wadda ba ta sayu ba tana nan tana wutsil-wutsil, dole ya ɗauka kifi abu ne mai taurin rai. Ga gaiwa kuma, mai shiga laka ta rufe kanta ta jira damina. Su biyun nan suna shaƙar iska kai tsaye, Allah ya yi su don ruwan da ke cika ya ƙafe, ya gurɓace ya washe. Kifin duwatsun murjani bai san wannan rayuwa ba. Gishirin ruwansa ɗaya ne jiya da yau, ɗuminsa da ƙyar yake motsawa tsakanin dare da rana, ƙazantar da ya fitar kuwa teku ta ɗauke kafin ya juya. Da tunanin mai kiwon tarwada na shiga shagon kifi.

Mai shagon mutum ne mai fara'a, har yau ban ɗauke shi macuci ba. Ya haɗa mini akwati mai lita 200, da yashi, da matatar ruwa, da buhun gishirin teku na haɗawa. Ya ce gishirin miya ba ya yi, kuma kowace lita tana cin kimanin giram 35. Na lissafa, kilo 7 ke nan zan narkar. Da na nuna masa kifin da yarinyar ke so sai ya girgiza kai. "Ba yanzu ba, Hajji. Fara da waɗannan." Ya nuna wasu ƙanana shuɗɗa masu sheƙi, tsawon ɗan yatsa, ana ce musu damsal. "Suna da arha, suna da juriya. Su za su buɗe maka ruwan. In wasu sun mutu kada ka damu, haka abin yake. Bayan wata guda ka dawo." A lokacin, hutun mako a Saudiyya Alhamis da Juma'a ne. Na haɗa ruwa ranar Alhamis, na ɗauko damsal biyar bayan la'asar ɗin Juma'a.

Kwana ukun farko gidanmu kamar ranar salla. A na biyar na dawo daga aiki na tarar ɗaya ya rabu da 'yan'uwansa ya maƙale a kusurwar sama, inda ruwa ke zubowa daga matata. Shuɗin jikinsa ya dushe kamar shaddar da ta sha wanki. Murfin kunnuwansa na buɗewa yana rufewa da sauri-sauri, bakinsa a saman ruwa, fikafikansa a matse da jiki. Na yafa abinci, sauran suka rugo, shi ko kallo bai yi ba. 'Yata ta jawo kujera ta hau, ta manna goshi da gilashi. "Baba, ƙishirwa yake ji?" Na ce mata a'a, hutawa yake. Da asuba na same shi kwance a kan yashi, ruwan famfo na juya shi a hankali. Na cire shi kafin ta farka. Cikin kwana goma da suka biyo baya na cire wasu biyu.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne ruwan bai nuna alamar komai ba, ba wari, ba duhu. Sai da na sayi kwalaben gwaji na gane. Kifi yana fitar da amoniya, mafi yawanta ta wurin numfashinsa, ragowar abinci ma in ya ruɓe amoniya yake zama. A cikin gilashi ba ta da wurin zuwa. Ruwan teku kuma mai kanwa-kanwa ne, ma'auninsa na pH wajen 8.2, a irinsa dafin amoniya ya fi tsanani nesa ba kusa ba. Masu kawar da ita wasu ƙwayoyin bakteriya ne da ke zama a jikin dutse da yashi da soson matata. Kashi na farko su ci amoniya su mai da ita naitirayit, kashi na biyu su karɓa su mai da shi naitiret, wanda kifi ke iya jurewa har a rage shi da canjin ruwa. Sai dai ƙwayoyin nan ba su da saurin haihuwa. Akwai bakteriyar da ke ninka kanta cikin minti 20. Su kuwa sai su kusa kwana da yini. Shi ya sa sabon akwati ke cin mako huɗu zuwa shida kafin su yi yawan da za su iya da aikin. Kafin nan, duk kifin da ke ciki a cikin ƙazantarsa yake numfashi.

Ilimin nan tsoho ne. Wani masani daga daular Rasha, Sergei Winogradsky, ya yi bayanin aikin waɗannan ƙwayoyi tun wajen 1890. Mai shagon ma ya san da su sarai, abin da yake nufi da buɗe ruwa ke nan. Sai da amoniya bakteriyar ke hayayyafa, hanyar da aka saba kuwa ita ce a sa kifi mai arha ya samar da ita da jikinsa, ya sha dafin, wanda ya rayu ya rayu. Littattafai na koyar da haka, shaguna na koyar da haka. Wannan ne ya fi tsaya mini a rai. Da kuskure ne da sauƙi. Tsari ne, an riga an saka mutuwar cikin lissafi, yadda ɗan kasuwa ke cire ƙwan da zai fashe a hanya. Mu kuwa mun taso ana ja mana kunne cewa dabbar da ka tsare ka hana ta neman na kanta, haƙƙinta na wuyanka, kuma ba a taɓa ce mana nauyin haƙƙin yana bin farashin dabbar ba.

Biyun da suka rayu suka zama wata fitinar. Damsal kifi ne mai kishin muhalli, a teku ma yakan kama ɗan yanki ya kori mai giftawa ko da ya ninka shi girma. Mako shida su kaɗai a gidan, kowane rami nasu ne. Da na kawo kifin da 'yata ke jira, guda biyu, irin na Bahar Maliya masu ratsi biyu, ko minti goma ba su yi a ruwa ba aka fara kora. Sai da na kwashe duwatsun kaf cikin bokitai da tsakar dare kafin in kama damsal ɗin in mayar shago. Shigar kifi gida tana da jeri: mai sanyin hali ya fara shiga ya kama wuri, mafaɗaci ya zo ƙarshe ya tarar da kowa a ɗakinsa. Tsohon tsarin nan mafaɗacin yake fara danƙa wa makulli.

Babbar asarar ta zo bayan wata takwas, lokacin da hankalina ya kwanta. Kifi bakwai, kowa na ci. Na ga wani shuɗin kifi da ake kira tang a shago, na kawo shi na sake shi cikin jama'a a ranar. Bayan kwana huɗu na ga fararen ɗigo-ɗigo a jikinsa kamar an barbaɗa masa gishiri. Suka ɓace, na yi hamdala. Bayan mako biyu suka dawo, wannan karon a jikin kowa. Ƙwayar cutar, wadda masana ke kira Cryptocaryon irritans, haka take yaudara: ta yi 'yan kwanaki tana ci a fatar kifi, ta saki ta faɗa ƙasa, ta rufe kanta a jikin dutse ko yashi, ta rarrabu a ciki, sannan ta fashe ta saki 'ya'ya har ɗaruruwa, kowanne na neman kifin da zai kama. A teku mafi yawansu ba sa samu. A lita 200 ba mai kuskure. Maganin da ke kashe ta, mai sinadarin jan ƙarfe, ba a zuba shi inda akwai murjani ko jatan lande ko dodon koɗi, don tare zai kashe su, dutse kuma ya shanye shi. Cikin takwas, biyu na tsira da su.

Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ta zo umara a watan, tana gidan nake ta kwashe gawa. Da na ba ta labarin yadda abin ya faro sai ta dube ni ta ce, "Kai kuwa, baƙo daga saukarsa sai ka wuce da shi har ƙuryar ɗaki? Gidan naka ba zaure?"

Na ce, "Inna, ai kifi ne."

Ta ce, "To shi kifin ba daga wani gari ya zo ba?"

Tun daga ranar zaure nake kiran ƙaramin akwatin da ake ware wa baƙon kifi daban, lita 50 ko 60, ba yashi ba dutse, sai gutsattsarin bututun roba da baƙo zai ɓuya a ciki, da soson matata da ya riga ya tara bakteriyarsa. Baƙo ya yi mako huɗu zuwa shida a nan. Ka ga cinsa, ka ga numfashinsa, ka ga fatarsa. In akwai cuta ta fito inda magani zai isa gare ta. Shi ma ya huce gajiyar hanya, ya yi ƙiba, ba mai korarsa daga abinci. A 2005 in ka ɗauko wannan magana a shago kallon mai tsanani ake yi maka, don ba mai son jin cewa kifin da ya biya yau sai wata mai zuwa zai shiga falo. Yanzu kalmar killacewa ba ta buƙatar bayani, korona ta koya wa kowa ita a 2020. Babban akwatin da cuta ta riga ta shiga kuwa, sai an kwashe kifin duka an bar shi fayau har ƙwayar ta rasa masauki. A zamanina mako shida ake cewa. Yau masu taka-tsantsan kwana 76 suke ƙirgawa, saboda an taɓa samun ƙwayar da ta yi kwana 72 a rufe kafin ta fashe.

Na dawo gida a 2011, ban kuma sake haɗa wani akwatin ba. Dalilin ɗaya ne, wuta. Ruwan gishiri bai kai ruwan daɗi riƙe iskar numfashi ba, mai ɗumi bai kai mai sanyi ba, ga bakteriyar nan su ma da iskar suke aiki. A tsayar da famfo na 'yan sa'o'i cikin zafin Afrilu, aikin wata shida ya rushe a dare ɗaya. Na yanke a raina cewa kifin teku da Kano, mai tafiyar wajen kilomita 1,000 daga Legas, ba su haɗa hanya ba. Sola da batir da fitilun LED da ƙananan famfuna marasa cin wuta su suka ƙaryata ni.

Amma sauyin da ya fi girma a wurina yana cikin littafin nan na ɗan ƙanwata. Amoniyar da damsal biyar suka samar mini da rayukansu, shi daga kwalba ya ɗiga ta, har ta kai kashi 2 cikin miliyan, ya zuba ruwan bakteriya na sayarwa, ya zauna yana kallo. Lambar farko, ta amoniya, ta hau ta sauko. Ta biyu, ta naitirayit, ta hau bayanta, ta daɗe a sama har ya fara zargin wani abu ya lalace, sannan ita ma ta faɗi. Ta uku, ta naitiret, ta dinga ƙaruwa a hankali. Sharaɗin da ya kafa wa kansa shi ne sai ranar da zai ɗiga amoniya da dare, ya gwada bayan sa'a 24 ya ga sifili a biyun farko. Ranar ta zo a kwana na 33. Ruwan bakteriyar nan akwai shi tun zamaninmu, muna yi masa kallon ruwan banza. Tsofaffin littattafai wata bakteriya mai suna Nitrobacter suke ba aikin mataki na biyu, sai a ƙarshen shekarun 1990 binciken Timothy Hovanec da abokansa a Amurka ya nuna da ƙyar ake samunta a akwatunan kifi, ya karkata hankali zuwa wata mai suna Nitrospira. Amma ko ba kwalba, ɗanyen jatan lande guda a jefa ya ruɓe a ciki ya isa. Babu abin da ya hana mu yin haka a 2004 sai rashin sabo.

Kifin ma ya sauya asali. Tang ɗin da ya kawo mini cuta daga teku aka kamo shi, domin sai a 2016 aka fara nasarar ƙyanƙyashe irinsa a hannu, a wata cibiyar Jami'ar Fulorida, shekara guda bayan an yi nasara da ɗan'uwansa ruwan ɗorawa a Hawai. A Filifin da Indonesiya an daɗe ana fama da masu fesa gubar sayanayid cikin ramukan murjani don kifi ya sume a ɗauke shi. Murjanin ya mutu, kifin ya iso shago da kyan gani da lalatacciyar hanta, ya yi 'yan makonni ya faɗi. Kifin Nemo kuwa tun farkon shekarun 1970 wani mai suna Martin Moe ya fara kiwonsa a Fulorida, yau samun haihuwar tanki ba wuya. Irinsa ya saba da abincin gwangwani da hannun mutum, ba a kuma fasa dutse don a kamo shi ba. Mafi yawan nau'o'in da ake sayarwa har yanzu daga teku ake ɗebo su, shi ya sa nake so mai saye ya fara tambayar inda aka haifi kifi kafin ya tambayi kuɗinsa.

Ba duk sauyin ne ya kwanta mini ba. Wasu kwalaben yanzu alkawari suke yi cewa a zuba ruwa a zuba kifi rana ɗaya, tsohuwar gaggawar ce ta dawo da sabuwar riga. Sifili a kwalbar gwaji abu ɗaya kawai yake faɗa: bakteriyar da ke nan sun isa ƙazantar yau. Bai ce akwatin ya girma ba. Duwatsunmu na da daga teku ake ciro su da ransu, da tsutsotsi da ƙananan halittu iri-iri. Ɓarna ce ga teku, daidai ne da aka rage ta, amma suna zuwa da rayuwa a shirye. Busasshen farin dutsen yau kango ne, sai ya bi ta watannin gansakuka kafin ya daidaita, kuma akwai kifayen da ba su da abin tsinta a jikinsa sai ya kusa shekara. Ga kuma sayen kifi ta waya. Da, ba na biya sai mai shago ya ba kifin abinci a gabana na ga ya ci. Yanzu bidiyon daƙiƙa goma ake turo maka.

A nan muka ɗan ja da ɗan ƙanwata. Daga Legas kifin za su taso ta jirgi, kuɗin ɗauko akwati ɗaya ne ko biyu ne a ciki ko shida, shi kuwa ya riga ya rubuta sunayen shida.

"Kawu, in na raba su sau uku kuɗin jirgi zai fi kuɗin kifin."

"Na sani, ɗana. Amma zaurenka lita 60 ne. Baƙi shida a ɗaki ɗaya, in ɗaya ya zo da tari fa?"

Ya yi shiru yana danna lissafi a waya. Lissafinsa gaskiya ne, ban raina shi ba, kuɗi ba a ƙasa ake tsintarsu ba. Daga ƙarshe ya ce biyu, haihuwar tanki, sauran sai bayan bazara.

Ranar da suka iso na raka shi ɗauko su. Akwatin soso an naɗe shi da salatif, ciki leda biyu a kumbure da iska, kowace da ruwan da bai fi kofi uku ba da ɗan kifi kamar ƙwayar dabino, launinsa ya koɗe don tsoro. Sa'a 11 ke nan da ɗaure su. Muna isa gida na ce ya kawo bokiti da siririn tiyo. Haka aka koya mana: a juye kifi da ruwansa a bokiti, a ƙulla tiyo ya dinga ɗigo da ruwan akwati ɗis-ɗis kamar ƙarin ruwa a asibiti, awa ɗaya ko biyu, har ruwan biyu su zama ɗaya.

"Kawu, a gafarce ni, wannan na kifin da aka sayo a unguwa ne. Na doguwar tafiya ba a yi masa haka yanzu."

Ya yi mini bayani a tsaye, almakashi a hannu. Kifin da ya daɗe a leda ya cika ruwan da amoniya, amma iskar da yake fitarwa ta sa ruwan ya yi tsami, tsamin kuma ya danne dafin. Da an buɗe leda iskar ta fice, tsamin ya ragu, dafin ya farka. Awa biyun da nake gani tausayi ne, kifin cikin guba zai yi su. Na tuna wani karo a Jidda da na karɓi kifi a ledarsa ta jirgi ranar da kaya suka sauka, na yi masa wannan hidima da dukkan kulawata, bai kai washegari ba. Na yi shiru.

Ashe tun kwana biyu kafin nan ya tambayi mai sayarwa nauyin gishirin ruwansa, aka ce 1.020, ya haɗa ruwan zaure daidai da haka, duk da babban akwatinsa 1.025 ne. Ya kashe fitila, ya ɗora ledojin a rufe kan ruwa minti 20 don ɗuminsu ya zo ɗaya. Ya yanka ta farko, ya ɗiga ruwanta a ma'aunin gishiri, wani ɗan abu kamar guntun madubin hangen nesa, ya ɗaga wajen haske ya leƙa, ya gyaɗa kai. Ya tsamo kifin da ɗan kofi mai huji, ya sauke shi cikin zaure. Ruwan ledar ya tafi makwarara. Daga yanka zuwa saki bai fi minti biyu ba. Gishirin kuwa kaɗan-kaɗan ya dinga ɗaga shi, har kwana goma.

Dalilin wannan lallaɓa ya mai da ni ga tambayar 'yata. Gishirin jinin kifin teku bai wuce wajen kashi ɗaya cikin uku na ruwan da yake ciki ba, don haka kullum teku na zuƙe ruwan jikinsa. Dole ya yi ta sha ba dare ba rana, yana fitar da gishirin ta wurin numfashinsa. Wani masani, Homer Smith, ya nuna haka tun 1930. Kifin ruwan daɗi da ƙyar yake sha. In aka ɗauki kifi daga ruwa mai sauƙin gishiri aka jefa shi cikin mai nauyi farat ɗaya, jikinsa bushewa yake a tsakiyar ruwa. Yarinya 'yar shekara shida ta tambaye ni ko kifi na jin ƙishirwa, na ce mata a'a.

Sun yi kwana 35 a zaure, fata fes. Bayan magariba ya shigar da su babban gida, fitila a kashe, murfi a rufe, don baƙon kifi yakan yi tsalle. Duk duwatsun da ya ɓata kwanaki yana tsarawa ba su kula su ba, suka tafi kusurwar baya ta hagu, bayan famfo, suka tsaya suna rausaya tare. Ɗaya ya riga ya ɗan fi girma, yana kai wa ɗayan cizo jefi-jefi, ƙaramin ya karkata yana karkarwa alamar ya bi. A wannan jinsin babban ne zai rikiɗe ya zama mace, ƙaramin ya zauna namiji. Washegari ya turo mini saƙo cewa sun ci.

Na koma bayan mako biyu, zafi ya fara shigowa. Yashin ya yi ƙasa-ƙasa da gansakuka. Ya ɗora 'yar fanka a bakin akwatin tana hura saman ruwan, ga jarkar tataccen ruwa a gefe da yake cike gurbin abin da ya tashi, tunda gishiri ba ya bin tururi. A littafin na ga ya ƙara lamba ta huɗu, ta ɗumin ruwa: jiya 26.5, yau 27. Ya ce in ya taɓa 28 zai fara saka robobin ƙanƙara, yana kuma haɗa kuɗin na'urar sanyaya ruwa kafin Afrilu, kuɗin da da na kifi huɗun nan ne.